Kafin mu ce yaro daƙiƙi ne



Akwai yaron da muke saurin kira daƙiƙi a nan Utai. Mu bi wuninsa tukuna. Ya kwana sauro na gasa shi, yana jiyo rigimar bashi ta bayan katanga. Da asuba ya ja ruwa, ya tafi makaranta ko ɗumame bai samu ba, ya zauna a ƙasa cikin aji maƙil. Ranar Juma'a kuwa yana kasuwar Wudil, tura baro ko korar shanu a Kara. Sannan malam ya tambaye shi bakwai sau takwas, ya yi zuru, mu ce kansa ba ya ja.

Likitoci sun gano cewa jikin da kullum yake cikin fargaba yana yawan fitar da wani sinadari, kotizol, wanda in ya daɗe yake raunana hadda da natsuwa. Ƙara masa ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro, sai karatu ya ƙi zama. Tulun da ake ta jijjigawa ai ruwansa ba ya kwanciya.

A Amurka, a 1994, gwamnati ta jefa ƙuri'a ta taimaki wasu iyalai talakawa a birane biyar suka bar unguwannin ƙunci. Yaran da suka ƙaura kafin su cika shekara 13 sun fi waɗanda aka bari shiga jami'a da samun abin hannu, damuwar iyayensu mata ma ta ragu. To mu ba inda za mu, gonakinmu na nan. Unguwar za mu gyara.

Rigimar miji da mata a yi ta ba a gaban yara ba. A ɗaura gidan sauron nan da aka raba, a daina shingen lambu da shi. Masu unguwanni, ku leƙa majalisun samari bayan isha'i. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma ƙwaya ba ta bar ƙauye ba.

Saurayin da ya daina magana, ya daina barci, ko yarinyar da take kuka ba dalili, kada a ɗaure su a turu, kada a ce iska ce kawai a zauna. A yi addu'a, a kuma kai su babban asibitin Wudil. In abin ya fi ƙarfin likitocin can za su tura ku asibitin Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano. Mai tambaya ya ɗaga hannu, iyayenmu mata ku fara.