Kada Mu Bari Sai Gari Ya Waye: Jawabin Kwamitin Lafiya a Bikin Zagayowar Shekara

Uwar ƙungiya, iyayenmu da ke zaune a gaba, 'yan'uwa mambobi, da mazajenmu da suka daure suka zo duk da cewa taron mata ne, sannunku da haƙurin zama.

Ma'aji ta gama karanto mana lissafi, mun ji abin da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa suka kawo bana, alhamdu lillahi. Mu 'yan kwamitin lafiya namu lissafin daban ne, kuma ba shi da daɗin ji. A daminar bara mun rasa 'yar'uwa guda. Kun san ta, ba sai mun kira suna ba. Ta haihu lafiya a ɗakinta bayan la'asar, jini ya ƙi tsayawa. Da magariba aka ce a bari a gani. Da isha'i aka fara neman maigidan, yana kasuwar wani gari, wayarsa ba caji. Wajen sha ɗayan dare aka samu mota, sai kuma maganar kuɗin mai ta taso. A hanya ta cika. Allah ya jiƙanta. Ba mu kawo wannan don ɗora wa kowa laifi ba, domin wasunmu muna cikin ɗakin, da bakinmu muka ce a bari a gani. Ajali gaskiya ne. Amma awannin nan da muka yi muna jira, su ne suka hana mu barci, su ne kuma suka sa muka je muka zauna da ungozomomin asibiti muka tambaye su abin da za mu gaya muku yau.

Bari mu fara da jinin, tunda shi ya ci mu. A wurin ma'aikatan lafiya, mace ta zubar da rabin lita bayan haihuwa, ta shiga haɗari. Rabin lita kuwa ledar fiya-wata ɗaya ce, kun ga ba wani yawa ba ne. Ba wadda za ta tsaya awo a wannan hali, don haka ku kalli zane, ku kalli matar. Idan zane ya jiƙe sharkaf an canja wani shi ma ya jiƙe, ko gudaji na fita, ko ta ce tana ganin jiri, jikinta ya yi sanyi tana gumi, tana ta neman ruwa, to a tashi. Irin wannan jinin yana iya ɗauke mace cikin awa biyu. Kafin mota ta iso akwai abin yi: a sa hannu a mararta a riƙa murzawa har a ji mahaifa ta yi tauri kamar ƙwallo, a sa mata jaririn a nono domin tsotso na taimaka wa mahaifa ta tsuke, ta yi fitsari in za ta iya, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta a lulluɓe ta. Idan mabiyiya ta haura rabin awa ba ta faɗo ba, kada wanda ya ja cibiya. Kuma in za a tafi, a tafi da maza biyu ko uku da za su iya ba da jini. Sau da yawa an isa asibiti a kan lokaci, sai a tsaya neman mai bayarwa.

Sai jijjigar masu ciki. Wannan ba ta zuwa ba sallama, mu ne ba ma amsawa. Mai ciki ta ce kanta na sarawa ya ƙi jin magani, tana gani dishi-dishi ko wasu taurari na gilma mata, fuska da hannu sun kumbura har zobe ya ƙi fita, ko tana jin ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wannan hawan jini ne ke magana. In an auna an ga 140 bisa 90 ko sama, ba abin wasa ba ne. Mun san abin da ake cewa idan ta faɗi tana taune-taune: iska ce, a kawo hayaƙi. Iyayenmu, ku yi mana haƙuri, akwai allurar da ake yi wa wannan a asibiti, tana tsayar da jijjigar, kuma ba a samunta a garwashi. A kwantar da ita a ɓarinta na hagu, kada a cusa mata cokali, kada a ɗura mata komai, ko ruwa ko rubutu, domin wadda ba ta cikin hayyacinta abin huhu yake wucewa. Addu'a a yi ta, amma a cikin mota. Ku sani kuma tana iya zuwa bayan an haihu, har an fara shirin suna. Shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awon ciki ya kai sau takwas. Mafi yawanmu sau biyu muke zuwa, na karɓar kati da na ranar da abu ya ɓaci.

A nan za mu taɓo abin da zai sa kakanni su harare mu. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan mai jego da zuciyarta ke gazawa, suka kuma danganta shi da kunun kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Ba mu ce a daina kula da mai jego ba, wa zai ce haka? A dai rage kanwar. Idan kuma kuka ga mai jego tana haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana tari da dare, ƙafa ta kumbura, kada a ce ƙibar jego ce. Haka in zazzaɓi ya rufe ta kuma jinin biƙi na wari.

Yara kuma. Zazzaɓi kowane gida ana yi, ba kowanne ne na gudu ba. Na gudun shi ne wanda yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa, ko duk abin da ya sha ya dawo, ko ya yi taune-taune, ko ya yi barcin da ake tashinsa ba ya tashi. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, ko wane irin zafin jiki ne, ko jikin ya yi sanyi ƙalau, ko shawara ta sauko har tafin hannu da na ƙafa, asibiti kai tsaye. Akwai wata dabara da muka koya, kowa na iya ta da agogon waya. In yaro na tari, ku bari ya natsu, ku ɗaga rigarsa ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50 ko fiye ya yi yawa. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. In ƙasan ƙirjin na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, limoniya ce, ba ta kemis ba ce. Gudawa kuma, ƙunshin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, da ƙwayar zinc kwana goma zuwa sha huɗu, nono kuma kada a tsayar. Maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, ruwan jiki ne ya ƙare, ba abin shafawa a ka ba ne. Da bazara kuma ku kula da zazzaɓi mai ciwon kai da sanƙarewar wuya, kun san sunansa.

Sana'armu ma tana da nata. Mai ya fallatsa a wajen suya, ko yaro ya faɗa tukunyar turara, ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara wa wurin har minti ashirin. Ban da ƙanƙara, ban da ƙwai, ban da man goge baki. Yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. Mu kuma mu daina zuba kananzir a gorar lemo, don Allah.

Iyayenmu maza, ga naku, ko da yake mu ma bai bar mu ba. Mutum na zaune baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. Ku ce ya yi murmushi, ku ce ya ɗaga hannu biyu, ku ce ya faɗi sunansa. In ɗaya ya gagara, shanyewar ɓarin jiki ce, jini ne ya toshe ko ya fashe a ƙwaƙwalwa. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya. Kada a ba shi ci ko sha. Ko da ya warware bayan minti goma ya ce ya ji sauƙi, a kai shi, domin sau da yawa wannan gargaɗi ne, babbar na tafe. Haka nauyi a ƙirji kamar an ɗora dutse, da gumi, yana bin hannu ko muƙamuƙi. Mu mata wani lokaci ba ma jin ciwon ƙirjin sosai, sai haki da tashin zuciya da gajiyar da ba dalili, mu ce olsa ce.

To, sanin alama bai kai kowa asibiti ba. Daren nan mun ga alamar, abu uku ne suka tsare mu: kuɗi, mota, da izini. Ga abin da kwamiti ke roƙo a amince da shi yau.

Kuɗi: kowace mamba ta riƙa ƙara ɗan abu a kan zubin mako, a ware shi daban, ba na biki ba, ba na jari ba. Ya zauna a hannun mutum biyu a unguwa biyu, tsabarsa, domin ƙarfe biyun dare ba mai POS. Wadda ta ɗauka ta biya a hankali bayan ta tashi, ba ƙari.

Mota: a jihohi da dama na Arewa akwai tsarin da direbobin ƙungiyar NURTW ke ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. Mun je tasha mun yi magana, direbobi biyu da mai Keke Napep ɗaya sun yarda a kira su ko wane lokaci. Akwai kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112, kyauta ce ko ba kati a waya. Ku kira, amma kuna kira kuna neman motar unguwa.

Izini kuma, wannan a hannunku yake, mazajenmu. Ba mu zo raba ku da girmanku ba. Abin da muke roƙo shi ne ku ba da izinin tun yau, da rana tsaka, a gaban mahaifiyarku da maƙwabci: in ba na nan abu ya taso, a tafi da ita, kada a jira ni. Wanda ya faɗa, ya gaya wa sakatariya ta rubuta a gaban sunan matarsa.

Littafi na can bakin ƙofa wajen sakatariya. Kafin a raba abinci, kowace mai ciki ta rubuta watan da take sa rai, da asibitin da za a kai ta, da mutum biyu da suka yarda su ba ta jini. Lambobin direbobin suna jikin takardar da za a raba, a liƙa ta a bango kusa da ƙofa, kada a sa ta ƙarƙashin katifa. Masu awon jini kuma sun zo da na'urarsu, suna ɗakin baya har la'asar, kyauta ne, kuma har da maza.