Idan Na'ura Ta Amsa Kiranka, Kada Ka Kashe

 Yau za mu yi magana kan akwatin saƙon murya, wato muryar nan da ke amsa maka idan ka kira ofis ba kowa a kusa da tarho.

Kwanan baya motar albasar kawuna ta tsaya a bakin iyaka saboda wata takarda. Ya kira ofishin da ke yi masa takardun kaya, sai murya ta ce ya bar saƙo. Ya ce, "Ni ne, ku kira ni," ya kashe. Ba suna, ba lamba. Mota ta kwana biyu cikin rana, kun kuwa san albasa ba ta jiran kowa. Da ya je da faɗa, sai aka kunna masa muryarsa, aka ce, "Alhaji, wa za mu kira?"

To, ga yadda abin yake. Idan tarhon ofis ya yi ƙara ba a ɗauka ba, ko ana kan magana da wani, na'ura ce ke karɓar kiran. Za ta karanta gaisuwar da aka ɗauka, sannan ka ji ƙara ɗaya, "ƙiit". Daga nan ne take ɗaukar muryarka. Duk abin da ka faɗa kafin wannan ƙara ya bi iska.

Fara da sunanka da na garinku ko rugarku. Sai lambarka, a hankali, sau biyu, domin ba kullum lambar mai kira daga wata ƙasa ke fitowa daidai ba. Ka haɗa da lambar ƙasa: Nijar 227, Nijeriya 234, Cadi 235, Kamaru 237, Benin 229. Mai lambar Nijeriya ya tuna ana cire sifilin farko bayan 234. Sannan ka faɗi buƙatarka kai tsaye. Idan ofishin likitan dabbobi ne, ka ce shanu nawa ke tari, tun yaushe, kuma a wace rijiya ko mashaya za a same ku. Ka faɗi lokacin da kake samun rezo. Gaisuwa ɗaya ta isa, don akwatin yana da iyakar lokaci, kuma kuɗinka na tafiya kamar kana magana da mutum. A na'urori da yawa, idan ka gama za ka iya danna alamar nan mai kama da tsani da ke ƙarƙashin lamba 9, ka ji zaɓi: sake sauraro, gogewa, ko sa wa saƙon alamar gaggawa. Wasu kuma idan ka danna sifili sukan kai ka wurin mai karɓar baƙi.

Yanzu sai ku masu ofis: sakatarorin ƙungiyoyin makiyaya, dillalai, da masu takardun kaya. Abu huɗu ke hannunku.

Na farko, gaisuwa. Kada ku bar wadda ta zo da na'ura cikin Faransanci ko Turanci, don da yawa daga mutanenmu suna jin ta suke kashewa. Ku ɗauki taku da Hausa, ku ƙara Fulatanci idan da hali. Ku faɗi sunan ofis, lokacin aiki, da abin da kuke so mai kira ya faɗa. Akwai kuma gaisuwar wucin gadi ta lokacin tafiya ko hutun Sallah. Idan kowa ya tafi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ku ce haka, ku ba da wata lamba. Kun dawo, ku cire ta.

Na biyu, lambar sirri. Wannan shi ne babba. Akwatuna da yawa suna zuwa da lamba mai sauƙi irin 0000 ko 1234, kuma ana iya buɗe su daga wani tarho. Wanda ya san lambar zai ji farashin da aka yi maka tayi, ya ji ranar da kuɗi ko dabbobi za su taso da hanyar da za su bi. Haka yake ga akwatin salula: ƴan damfara kan sa WhatsApp ya kira da lambar tabbatarwa cikin dare, ta faɗa akwati, su saurara su ƙwace shafin mutum, su shiga roƙon kuɗi da sunansa. Ku canza lambar yau, kada ku sa shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar tarho. Yaron ofis ya bar aiki, a sake canzawa.

Na uku, sauraro. Idan ƴar fitila tana walƙiya a jikin tarhon tebur, akwai sabon saƙo. A sa mutum ɗaya ya duba safe da yamma. Ana iya tura saƙo zuwa akwatin abokin aiki, wasu na'urori ma suna aika shi ta imel. A daidaita agogon na'ura, don ita ce shaidar lokacin da saƙo ya shigo. Agogon Nijar, Nijeriya, Cadi, Kamaru da Benin ɗaya ne, amma Gana da Burkina Faso suna baya da awa ɗaya.

Na huɗu, shara. Akwati yana cika, in ya cika ba ya karɓar sabon saƙo. A rubuta suna da lamba a littafi, a goge tsohon. Saƙon ciniki kuwa a adana shi har a gama biya.

Kai kuma mai kira, idan rai ne ko dabba na shirin mutuwa, kada ka bar saƙo ka zauna jira. Bar saƙon, ka kira wata lamba, ka tura yaro.

Nan za mu dakata. Allah ya tsare dukiya, ya ba da sa'ar kasuwa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.