Manhajar da Babu Ita a Rumbu



Debian, wanda aka kafa a 1993, yana da rumbun manhajoji na hukuma, inda ake tantance kaya kafin a fitar. To, idan abin da mutum ke bukata babu shi ciki, sai ya nemo daga waje. A nan gizo ke saƙar, domin wanda ya girka manhaja ya danƙa mata makullin kwamfutarsa ke nan. Alal misali, a 2018 an gano muguwar manhaja cikin AUR, wato taskar da masu amfani da Arch Linux ke zuba kaya ba tare da tantancewar hukuma ba. Saboda haka, kafin ku girka, musamman a kwamfutar ofis, ku san marubucinta, ku tabbatar da sa-hannunsa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.