Matar Soja: Hidimar da Ba Ta da Lamba

Lacca ce da aka gabatar gaban malamai, ɗalibai da iyalan sojoji a makon Ranar Tunawa da Mazan Jiya.



Ranar 15 ga Janairun kowace shekara Nijeriya kan tuna da sojojinta da suka kwanta dama. An zaɓi ranar ne domin a cikinta yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A Abuja shugaban ƙasa da manyan hafsoshi su ajiye furanni, a busa begila, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru. Cikin jerin masu ajiye furen akwai mace guda, wakiliyar matan da suka rasa mazajensu a fagen daga. Ba ta da kaki, ba ta da igiya ko tauraro a kafaɗa, kuma minti ɗaya ne rabonta a bikin. Ita da takwarorinta, waɗanda mazajensu ke raye da waɗanda suka yi takaba, su ne abin magana a yau.

Tarihin matar soja a ƙasar nan ya kusa tsufan rundunar kanta. A 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya kafa ƙaramar runduna a Legas wadda aka fi sani da Hausawan Glover, kuma daga ita ake lissafa asalin sojan ƙasa na Nijeriya. Hausa ta zama harshen bariki har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ya sa har gobe, ko a Inugu ko a Fatakwal, shugabar matan ƙananan sojoji Magajiya ake kiranta. Ita ke raba faɗan kishiyoyi da na maƙwabta, ita ke fito da mata sharar layi, kuma ita ke kai kukansu wurin samanja ko kwamanda. Idan mummunan labari ya zo daga daji, sau da yawa da ita ake zuwa ƙwanƙwasa ƙofa. Lokacin da aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 zuwa ƙasar Bama a 1943 da 1944, matan da aka bari ne suka riƙe gidaje shekaru, babu waya, sai wasiƙa idan an yi sa'a.

To amma dubi abin da bakin Bahaushe ya yi wa kalmar bariki. A ce wa yaro ɗan bariki zagi ne. A ce mace ta shiga bariki, an gama da mutuncinta. Barikanci kuwa ya zama sunan wayo da rashin kunya. Kalmar ta faro ne daga mazaunin Turawa da sojojinsu, inda ido da hukuncin dangi ba sa kai wa, sai tsoro da zargi suka lulluɓe ta. Wannan rashin adalci ne ga dubban iyalai da suka tashi a bayan waya cikin tarbiyya da tsari. Yaron da ya girma a Jaji ko Bukabu ko Rukuba yakan tashi da Hausa da Turancin buroka da ɗan abin da ya tsinta na Tibi ko Yarabanci. Masallaci da coci a unguwa ɗaya suke. Da salla uwarsa ta aike shi da tuwo da nama gidan saje ɗan Binuwai, da Kirsimeti shinkafa ta dawo a kwano guda. Zaman da 'yan siyasa ke ta wa'azinsa a kan mumbari, matan bariki sun daɗe suna yin sa a bakin famfo.

Har ma da suna suka bar wa ƙasa. Duk barikin soja a Nijeriya, da kowane sansanin masu yi wa ƙasa hidima, akwai kasuwar Mami. Mami sunan mace ne, Mammy Ochefu, 'yar ƙabilar Idoma daga Otukpo, matar wani ƙaramin soja, Anthony Ochefu. A ƙarshen shekarun 1950 ta fara sayar da wani abin sha mai kama da kunu a barikin Abakpa da ke Inugu. Kamar yadda labarin ya shahara, maƙwabta suka yi ƙorafin ƙudaje, sai aka ware mata wuri a bayan bariki, wasu mata suka bi sahu. Mijin ya kai kanar, har ya yi gwamnan soja na Jihar Gabas ta Tsakiya a 1975. Yau 'yan kaɗan ne ke tuna gwamnan, amma kowane kurtu ya san kasuwar matarsa.

Sana'ar ba ta marmari ba ce. Albashin farabiti ko kofur bai cika kai wata ba, ga canjin wurin aiki da kan zo da sigina ɗaya. Mace ta kafa teburin ƙosai ko keken ɗinki, ta samu masu saye, ta shiga adashi, sai a wayi gari an tura maigida Bauci ko Ibadan. A ɗaure katifa, a cusa tukwane a buhu, a nemo wa yara takardar canjin makaranta a tsakiyar zango. Wadda take malama ko ma'aikaciyar jinya kuwa, ko ta bar aikin ko ta raba gida biyu.

Tun da rikicin Boko Haram ya tsananta, nauyin ya canza kama. A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya. Mace a Kaduna ko Zariya ta kwana da waya a ƙarƙashin matashi, ta kira sau ashirin, amsar dai ɗaya ce: ba a samun lambar. Yara su tambayi Baba, ta ce yana aiki. A watan Agustan 2014 matan sojoji a barikin Giwa da ke Maiduguri suka tare ƙofa, suka ƙona tayoyi, suka ce ba za a fita da mazajensu zuwa Gwoza ba sai da makamai na kirki. Soja ba shi da bakin yin wannan magana, kotun soja ke jiransa. Matan ne suka faɗa a madadinsu, duniya kuma ta ji.

Ƙungiyoyi akwai su. Matan hafsoshi suna da NAOWA, matan ƙananan sojoji suna da NASWA, ga DEPOWA da ta haɗa da matan 'yan sanda. Marigayiya Maryam Babangida ta shugabanci NAOWA lokacin da mijinta ke babban hafsan sojan ƙasa, ta kuma wallafa littafi a kan rayuwar matan hafsoshi a 1988. Sun gina makarantu da wuraren koyon sana'a, a yaba musu. Sai dai muƙamin miji yakan bi mace har cikin taron mata, kuma matar kofur ba ta cika buɗe baki gaban matar kanar ba, alhali kofur ɗin ne a ramin tsaro. (A nan ya kamata a tuna da maza ma. Tun 2011 Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna ta fara ɗaukar mata a sahun mayaƙa, don haka akwai magidantan da su ke jiran waya da goyo a hannu.)

Ranar 14 ga Maris, 2024, aka kashe sojoji 17 a Okuama ta Jihar Delta. Wurin jana'izarsu a Abuja, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, marigayi Taoreed Lagbaja, ya ce sun bar mata 10, uku daga ciki da juna biyu, da marayu 21. Shugaba Tinubu ya ba mamatan lambobin girma, ya yi wa iyalansu alkawarin gidaje da karatun yara. Abu ne mai kyau. Amma wannan jana'iza ce da kyamarori suka halarta. Matar da mijinta ya faɗi shi kaɗai a wani ƙauyen Zamfara, ita za ta bi fayil daga ofis zuwa ofis. Gidan bariki na aiki ne, ba a gadonsa, ko ba jima ko ba daɗe sai ta kwashe kaya. Wata kuma ta gama takabar wata huɗu da kwana goma, sannan ta gano cewa sunan ƙanen miji ne a takardar magaji, domin tun mijin yana saurayi a Dafo na Zariya ya cike ta, bai sake waiwayarta ba.

Saboda haka kirana na wurare uku ne. Kwamandoji su tilasta wa kowane soja sabunta takardar magajinsa duk lokacin da ya yi aure ko ya samu ƙaruwa, matar kuma ta ga kwafi da idonta. Majalisa ta sa wa'adi a doka na biyan haƙƙin mamaci, kada a fitar da iyali daga gida kafin kuɗin ya shiga hannunsu. Malaman tarihi da ke zaune a ɗakin nan kuwa, tsofaffin Magajiyoyin da suka ga yaƙin basasa da zuwa Laberiya a 1990 suna nan a unguwanninmu, suna ta raguwa. A tura ɗalibai da na'urar ɗaukar magana tun a wannan zangon karatu.