Koya wa Yara Tsaron Baya a Ƙaramin Fili

(Jawabi ga shugabannin matasa na ikilisiyoyin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa)



An gama girbi, gonaki sun zama fili, kowace yamma yaranmu suna ƙwallo. Abin da ake gani kusan ko'ina shi ne goma sha biyar nan, goma sha biyar can, duka sun taru a kan ƙwallo ɗaya kamar kaji a kan tsaba. Kowa so yake ya ci. Yaron da aka raina sai a ce masa, "Kai, tsaya a baya." In aka ci su, shi za a zaga, gobe kuwa ba za ku gan shi ba.

Ku raba su huɗu-huɗu. Fili mai taki 30 a tsawo, 20 a faɗi ya isa. Duwatsu biyu su zama raga, kuma kada a sa gola. Da yake su kaɗan ne, babu inda malalaci zai ɓuya. Da zarar an ƙwace ƙwallo, duka huɗun sun zama 'yan baya.

Kowane yaro ya san yadda ake tare akuya in ta shiga gona. Ɗaya ya tunkare ta, sauran su toshe hanya. To, haka ne. Wanda ya fi kusa da mai ƙwallo ya je da sauri, in ya kusa sai ya rage gudu, ya ɗan karkata jiki, ya kora shi wajen layi. Kada ya kai ƙafa da gaggawa, nan ake yanke su. Na biyu ya tsaya bayansa taki uku ko huɗu, a karkace, don in an wuce na farko a same shi. Sauran biyu su matso tsakiya suna lura da wanda za a ba. Kuma su yi magana: "Ina bayanka!" "Kora shi hagu!" Yaranmu suna da surutu a gida, a fili kuwa sai su yi gum.

Manya a cikinku kun tuna 1994 a Amurka. Nijeriya tana gaban Italiya da ci ɗaya na Amunike, an kuma kori ɗan wasan Italiya ɗaya, amma a minti na 88 Roberto Baggio ya samu sarari ya rama, aka fitar da mu da ci 2 da 1 bayan ƙarin lokaci. Mutum goma sha ɗaya ba su tare goma ba.

Ku yi wasa na minti biyar, a huta a sha ruwa, ku tambaye su wa ya kamata ya je, wa ya kamata ya tsaya. Ƙungiyar da ta yi minti biyar ba a ci ta ba, ku ba ta maki ɗaya kamar ta ci ƙwallo. Bayan la'asar za mu fita fili mu gwada, kowa ya zo da takalminsa.