Haƙƙin Ɗan Ƙasa a Hannun 'Yan Sanda: Jawabi ga Jama'ar Giade



Aikin ɗan sanda shi ne tsare rai da dukiya, kuma wajibi ne a ba shi haɗin kai. Amma dokar da ta ba shi ikon kama mutum ita ce kuma ta yi wa ikon nan iyaka.

Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 35, ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kamunsa a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Idan akwai kotu cikin nisan kilomita 40, dole a gabatar da shi gaban alƙali cikin kwana 1. Sashe na 34 ya hana azabtarwa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuwa ta hana kama wani a madadin wani, watau ba a tsare uba don an rasa ɗansa. Haka nan ba a kama mutum saboda bashi kawai.

Wanda aka tauye wa haƙƙin nan, sashe na 46 ya ba shi damar kai ƙara Babbar Kotu. Mutumin Giade ba sai ya je Bauchi ba, gama akwai Babbar Kotu a Azare. Idan ta tabbata an tsare shi ba bisa doka ba, yana da haƙƙin diyya, kuma hukuma za ta nemi gafararsa a bainar jama'a.

An taɓa yin haka. A 2009 wani dattijo, Baba Fugu, ya amsa kiran 'yan sanda a Maiduguri, aka kashe shi a hannunsu. Iyalinsa suka kai ƙara. A 2010 Babbar Kotun Jihar Borno ta yanke diyyar Naira miliyan 100, aka biya su a 2012.

Shari'a sai da shaida. Saboda haka dangi su rubuta ranar kamu da lokacinsa, da sunayen waɗanda suka gani. Idan an ji wa mutum rauni, a kai shi asibiti a karɓi takardar likita. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976.

Kada kowa ya yi kokawa da ɗan sanda ko ya ɗauki fansa da hannunsa. A bi shi ofis cikin natsuwa, sa'an nan a nemi haƙƙi gaban alƙali. Allah ya ba ƙasar nan zaman lafiya, amin.