Rigar Yusufu a Hannun Matar Fotifar

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Farawa sura 39, aya 7 zuwa 20.

Yusufu bawa ne a gidan Fotifar, shugaban masu tsaron Fir'auna. Matar maigidan ta sa masa ido, ta neme shi ya kwana da ita, ya ƙi. Kowace rana tana matsa masa, yana ƙi. Wata rana da ba kowa a gida ta cafke rigarsa, ya bar mata rigar ya tsere. Sai ta juya magana, aka jefa marar laifi a kurkuku.

Mun saba yin wa'azi a kan tsarkin Yusufu, kuma daidai ne. Amma ku lura, a nan namiji ne aka nemi tilasta wa. Ita ce uwargida, shi bawa, abincinsa da ransa suna hannun gidan. Yarda ta gaskiya ita ce wadda mutum ya bayar da hankalinsa, ba tsoro, ba barazana. Wanda ya ce a'a, a'a ke nan, ko mace ko namiji. Mai maye ba ya iya yarda, kamar Lutu da 'ya'yansa mata suka shayar da ruwan inabi a sura 19. Yaro ƙarami ma ba ya iya yarda.

A yau akwai Yusufu da yawa a cikinmu: yaron gida, ɗan koyon sana'a, ɗalibin makarantar kwana. Idan ya buɗe baki sai a yi masa dariya, a ce namiji ba ya kuka. Don haka yakan yi shiru, ciwon yana cinsa shekara da shekaru. A 2015 Nijeriya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta amince cewa ana iya yi wa namiji fyaɗe. Ikkilisiya za ta bari gwamnati ta fi ta tausayi?

Iyaye da dattawa, idan ɗanku ya kawo kuka, ku saurare shi, ku kai shi asibiti, ku kai ƙara ga hukuma. Kada ku rufe maganar don kare sunan gida.

Kai kuma ɗan'uwa da aka zalunta, kunyar ba taka ba ce, ta wanda ya aikata ce. Ubangijin da bai rabu da Yusufu a kurkuku ba, yana tare da kai. Bari mu yi addu'a.